Filin Adon Gida: Tambayoyinku a Kan Tagulla Mai Buroshi

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan a kan abu guda suke, wato ƙarfen nan mai ruwan zinariya wanda ba ya ƙyalli, da ake gani yanzu a mariƙan ƙofofi da kawunan famfo da fitilun sababbin gidajen Abuja. Masu shaguna da sunan Turanci suke kiransa. Ni zan riƙa cewa tagulla mai buroshi, domin da buroshi ko makamancinsa ake bin fuskarta har sheƙinta ya kwanta. Na taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Hajiya. Muna ƙarasa gininmu a Gwarinpa, maigidana kuma ya bar mini zaɓin mariƙan ƙofofi da na kabad ɗin kicin. Na je kasuwar kayan gini ta Dei-Dei na ga mariƙai iri biyu masu launi ɗaya, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan, kowane mai shago kuma ya tabbatar mini nasa ne na asali. Mece ce ainihin wannan tagulla, kuma ta yaya zan bambance? Daga wata uwargida a Gwarinpa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya, Allah ya sa a shiga gidan a sa'a. Mai yiwuwa ne babu wanda ya yi miki ƙarya a cikinsu, domin sunan da suke kiran kayan da shi sunan kamanni ne, kuma ƙarafa daban-daban suna iya ɗaukar wannan kamanni.

Tagulla ta gaskiya haɗi ce ta jan ƙarfe da tutiya, waɗanda ake narkawa tare. Haɗin da aka fi sani shi ne kashi 70 na jan ƙarfe da kashi 30 na tutiya, wanda yake ba da rawaya sosai, sai kuma mai kashi 60 da 40, wanda wani Bature mai suna George Muntz ya yi wa rajista a Ingila a shekarar 1832 domin lulluɓe gindin jiragen ruwa. Idan jan ƙarfen ya kai kashi 85 ko 90, launin sai ya karkata zuwa ja. Wannan ne ya sa da wuya kayan kamfanoni biyu su zo da launi ɗaya sak, ko da kuwa dukansu zallar tagulla ne.

Shi kuwa buroshin, aiki ne da ake yi bayan an gama ƙira. Ana bin fuskar ƙarfen da sanfefa mai laushi ko buroshin waya, a miƙe ta fuska ɗaya, har a bar wasu siraran layuka waɗanda sai an matso ake ganinsu. Tagullar da aka goge ta yi santsi tana mayar da haske kamar madubi, amma waɗannan layuka suna warwatsa hasken, shi ya sa take ɗaukar ido ba tare da ta kashe shi ba. Amfaninta na yau da kullum shi ne ba ta nuna shatin yatsu da ƙananan ƙarce kamar yadda mai santsi ke nunawa, kuma duk wadda ke da yara ƙanana ta san darajar wannan.

To, abin da za ki tarar a kasuwa ya kasu uku. Akwai zallar tagulla ciki da waje, wadda wani lokaci ake barinta tsirara, wani lokaci kuma a shafe ta da banish marar launi domin kada iska ta taɓa ta. Akwai wadda cikinta baƙin ƙarfe ne ko alminiyam ko wani haɗi mai arha da aka yi da tutiya, aka yi mata ɗan siririn rufin tagulla da wutar lantarki, ko ma fenti kawai aka fesa. Ita ce mai arha, ita ce kuma mai ɓarewa. Ta ukun ita ce wadda za ki ga an rubuta haruffan PVD a kwalinta. Ana sanya kayan a cikin wani akwati da aka zuƙe iskar cikinsa, a mayar da ƙarfen titaniyam ko zakoniyam tururi, ya haɗu da iskar naitirojin ya kwanta a jikin kayan. Kaurin wannan rufi bai wuce 'yan maikiron ba (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), amma yana da taurin gaske. Abin mamaki shi ne babu ko ɗigon tagulla a cikin launin, sai dai ya fi tagullar kanta jure wa ruwa da hannu, kuma ba ya sauya kama.

Idan za ki koma kasuwa, ki tafi da ɗan maganaɗisu. Tagulla ba ta kama maganaɗisu, saboda haka duk mariƙin da ya manne masa baƙin ƙarfe ne aka rufe. Sai dai rashin mannewa bai isa shaida ba, domin alminiyam da haɗin tutiya da yawancin ƙarfen nan da ba ya tsatsa su ma ba sa kamawa. Daga nan sai ki auna da hannu. Tagulla ta fi ruwa nauyi kusan sau 8.5, haɗin tutiya kusan sau 6.6, alminiyam kuwa sau 2.7 kacal, don haka idan kika ɗauki mariƙai biyu masu girma ɗaya a tafukanki, hannunki zai gaya miki. Gwaji mafi inganci shi ne ki leƙa cikin ramin da sukurun ke shiga, ko ki sayi guda ɗaya ki ɗan karce bayansa da magagari. Idan cikin rawaya ne kamar wajen, tagulla ce. Idan ya fito fari-fari ko toka-toka, rufi ne.

Ni ma da tsada na koyi wannan. Shekarun baya na sa wa wata baiwar Allah mariƙai a kicin ɗinta gaba ɗaya, na amince da maganar mai shago ban gwada ba, damina ɗaya ta wuce sai ga su sun yi ƙuraje kamar masu ƙyanda, fatar tana ɗayewa a hannu. Da kuɗina na sauya su. Tun daga ranar maganaɗisu da ƙaramin magagari ba sa barin jakata.

Shawarata ita ce ki zuba kuɗin a wuraren da hannu ke taɓawa safe da yamma, wato ƙofar shiga gida da kabad ɗin kicin da banɗaki, ki sa musu zalla ko mai PVD. Durowar ɗakin baƙi, wadda sai an yi wata ba a buɗe ba, mai arhar ma ta ishe ta.

TAMBAYA: Anti, bikina ya rage wata biyu, za mu zauna a Kubwa. Ina so in sa wannan launi a ƙafafun kujeru da sandar labule da fitilu da firam ɗin madubi da teburin tsakiya, har da makunnan wuta. Mahaifiyata ta ce falon zai koma kamar shagon gwal. Wa ya fi gaskiya a tsakaninmu? Daga 'yarki a Kubwa.

AMSA: 'Yata, Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya. Mama ta fi ki gaskiya, ko da yake ke ma ba ki ɓata a zaɓin launin ba. Ki dubi babbar riga mai aska takwas. Aikin yana ƙirji da aljihu da wuya, sauran yadin kuwa an bar shi fili, kuma filin nan shi ne yake fito da aikin. Da za a cika rigar da zare tun daga wuya har ƙasa, da ido ya rasa inda zai sauka. Ki zaɓi abu biyu ko uku a falon, misali fitila da firam ɗin madubi da mariƙai, ki bar ƙafafun kujeru da katako ko baƙi. Makunnan wuta kuwa ki bar su da launin bango, domin babu wanda ya taɓa yaba falo saboda makunninsa.

Ki tambayi Mama labarin jere na dā, za ta gaya miki cewa tagulla a ɗakin amarya ba baƙuwa ba ce. Kafin zuwan kwanukan sha da samira, tasoshin tagulla ake jerawa, kuma ana goge su har mutum ya ga fuskarsa. A ganina akwai hikima a wannan gogewar, domin ɗakin soro ba shi da babbar taga, fitilar ma aci-balbal ce, sheƙin tasoshin shi ke ƙara wa ɗakin haske. Falon yau kuwa tayil ɗinsa fari ne mai santsi, silin ɗinsa cike da ƙwayayen lantarki, ga gilashin tebur, ga talabijin. Ƙyalli ya riga ya yi yawa, shi ya sa tagullar da sheƙinta ya kwanta ta fi dacewa da shi.

Game da launukan da take shiri da su, ta fi fitowa a kan kore mai duhu, da shuɗi irin na shuni, da ruwan madara, da ruwan ƙasa, da katako mai duhu irin na maɗaci. A kan bango rawaya tana ɓacewa, kusa da labule mai ruwan gwal mai walƙiya kuma sai ta zama kamar ta yi datti. Tana zama lafiya da baƙin ƙarfe. Da farin ƙarfe irin na silba ma ana iya haɗa su, muddin ɗaya ya rinjayi ɗaya a fili, kada su zo kai ɗaya kamar kishiyoyi. Duk abubuwan da za su zauna kusa da juna ki saye su daga kamfani ɗaya, ko ki riƙa yawo da mariƙi guda a jaka kina karawa, saboda dalilin bambancin launin da na faɗa wa Hajiyar Gwarinpa.

Sai maganar da kusan kowa ke mantawa da ita, wato ƙwan lantarki. Yawancin ƙwayayen da ake sawa a gidajenmu farare ne fat, waɗanda aka rubuta 6500K a kwalinsu, kuma a ƙarƙashin irin wannan haske tagulla tana yin wani kore-kore marar armashi. Ki nemi masu 2700K ko 3000K, waɗanda haskensu ya yi kama da na rana gab da faɗuwarta. Na sha ganin amarya ta sayi fitila mai tsada tana ƙorafin ba ta yi kyan da ta yi a shago ba, alhali ƙwai ɗaya za a sauya a huta.

TAMBAYA: Malama, barka da aiki. Na sa kawunan famfo masu wannan launi a banɗakuna da kicin, ruwan gidana kuma na rijiyar burtsatse ne. Ba a rufa shekara ba wasu suka yi farin dabbare-dabbare, ɗaya kuma ya fara fitar da kore a gindinsa. Mene ne dalili, kuma ko ruwan da ke bi ta cikinsu yana da illa ga jikokina? Daga wani dattijo mai ritaya a Life Camp.

AMSA: Ranka ya daɗe, Baba Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, ya raya jikoki. Farin dabbaren ba lalacewa ba ce. Gishirin ƙasa ne da ke narke a cikin ruwa, idan ɗigon ya bushe sai ya bar shi a baya, siraran layukan buroshin kuma suna riƙe shi fiye da yadda fuska mai santsi ke yi. Kan famfon da ake alwala a kansa sau biyar a yini ba ya samun sukunin bushewa da tsabta, don haka a rataye ƙaramin tawul kusa da shi a riƙa share shi bayan an gama. Wanda ya riga ya kama, a jiƙa ƙyalle da ruwan ɗumi da sabulu mai sauƙi a lulluɓe shi na 'yan mintoci, sannan a share a bi layin.

Koren kuwa alama ce cewa banish ɗin wurin ya fashe, danshi ya isa ga jan ƙarfen da ke cikin tagullar. Yawanci akwai ɗan yoyo a wurin, saboda haka a kira mai gyaran famfo ya duba robar da ke gindin kafin a yi maganar launi.

Akwai wata cuta ta tagulla da ta fi waɗannan muni, wadda ya kamata masu rijiyar burtsatse su sani. Idan ruwa yana da ɗan tsami ko gishiri ya yi masa yawa, yakan riƙa tsotse tutiyar da ke cikin tagullar sannu a hankali, ya bar jan ƙarfen shi kaɗai kamar soso, ba ƙarfi. Tagullar da tutiyarta ta wuce kashi 15 cikin 100 ita ta fi kamuwa. Alamarta ita ce jaja-jajan tabo, da farin gari mai taruwa a mahaɗa, da ruwa mai tsattsafowa inda babu tsaga. Akwai tagullar da aka haɗa musamman domin ta jure wa wannan, ana buga mata haruffan DZR. Ruwan da ke zuwa daga madatsar Usuma an tace shi an daidaita shi kafin ya shigo gari, amma kowace rijiya da halinta, ta maƙwabcinka ma tana iya bambanta da taka. Ya dace a kai ruwan ɗakin gwaji a auna tsaminsa, ko ba don famfo ba.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce mafi nauyi. An daɗe ana ƙara wa tagulla dalma, kashi 2 zuwa 3 cikin 100, domin ta yi sauƙin yanka a inji, kuma kaɗan daga cikinta yana iya narkewa a ruwan da ya kwana a cikin famfo. Saboda haka ne Amurka, tun daga watan Janairun 2014, ta hana sayar da kayan famfon ruwan sha da dalmarsu ta wuce kashi 0.25 cikin 100 a ɓangaren da ruwa ke taɓawa. Mu nan Arewa ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan illar dalma ga yara bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, ko da yake wancan daga niƙan duwatsun zinariya ne, kuma abin da ke fita daga kan famfo bai kama ƙafarsa ba. Duk da haka jikin yaro ba ya son ko kaɗan ɗinta. Famfon kicin, wanda ake sha ake girki da shi, a sayi wanda aka rubuta cewa ba shi da dalma, ko wanda cikinsa ƙarfen da ba ya tsatsa ne aka yi masa rufin PVD. Kafin a sauya, da safe a bar ruwan ya zuba na ɗan lokaci a bokiti a yi wanki ko ban ruwan shuka da shi, kuma kada a ɗebi ruwan zafi na famfo a dama wa jariri kunu ko madara, domin ruwan zafi ya fi narkar da ita. Na banɗaki damuwarsu ba ta kai wannan ba, muddin ba a shan ruwansu.

TAMBAYA: Hajiya, yarinyar da ke taya ni aiki ta wanke mini farantin tagulla da fitilar gefen gado da tsamiya da toka, kamar yadda ake yi a gida. Farantin ya fito fes, fitilar kuwa ta yi dabbare-dabbare, wani wuri haske wani wuri duhu. Ko tana gyaruwa? Daga wata 'yar'uwarki a Lokogoma.

AMSA: 'Yar'uwa, kada ki yi wa yarinyar faɗa, domin abin da ta yi shi ne daidai ga tagullar da ta sani. Tsamin tsamiya yana narkar da baƙin da ke kwanciya a kan tagulla tsirara, toka kuma tana kankare shi, haka kakanninmu suka yi da tasoshi da mundaye da likkafar doki. Farantinki tsirara yake, shi ya sa ya ji daɗin wankan. Fitilar kuwa akwai banish a jikinta, tokar ta cinye shi a wasu wuraren ta bar shi a wasu, iska ta shiga inda ya buɗe.

Idan fitilar zallar tagulla ce, tana gyaruwa. A cire sauran banish ɗin gaba ɗaya da tina irin ta masu fenti, a sake bin ta da sanfefa mai laushi, a fesa sabo. Idan kuwa rufi ne a kan wani ƙarfe, to sai haƙuri, fenti kaɗai zai rufa mata asiri.

Hanyar gane mai banish ba ta da wuya. Duk tagullar da ta yi watanni a ɗaki launinta bai motsa ba, akwai abin da ya rufe ta. Irin wannan, da mai PVD, ba sa bukatar komai sai ruwan ɗumi da ɗan sabulu da ƙyalle mai laushi, a share a tsane nan take, kullum ana bin layin buroshin, ba a murzawa a kewaye. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, a fara kaɗe ƙurar da busasshen buroshi mai laushi kafin a kawo jiƙaƙƙen ƙyalle, domin ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, idan aka danna ta da tsumma aikin sanfefa take yi. Soson ƙarfe da garin goge tukunya ba su da hurumi a nan. Brasso ma, wato maganin goge ƙarfe da ake sayarwa a shago, duk da kyan aikinsa a kan tagulla mai santsi, yana cin banish, kuma idan aka dimanci amfani da shi a kan mai buroshi zai shafe layukan ya mayar da ita mai ƙyalli, wato ya rushe abin da aka biya kuɗi dominsa.

Ruwan bilic da ruwan wanke masai da maganin goge gilashi mai amoniya su ne manyan abokan gabarta. Amoniya har tsaga tagulla take yi. A zamanin mulkin Turawan Ingila a Indiya, sojojinsu sukan ajiye harsasai a bargar dawaki da damina, sai su tarar kwanson tagullar ya tsattsage, ba a kuma gano dalili ba sai a 1921, lokacin da aka fahimci cewa amoniyar fitsarin dawakin ce. Saboda haka mai turken doki ko na rago kusa da ƙofar gida ya yi tunani kafin ya sa wa ƙofar kayan tagulla.

Ita tsirarar, mutum yana da zaɓi. Idan aka ƙyale ta, tana yin duhu zuwa ruwan zuma sannan ruwan ƙasa, inda hannu ke taɓawa kuma ya ci gaba da haske, har mariƙin ƙofa ya nuna ta inda mutanen gidan suka saba kama shi. Ni wannan yana burge ni ƙwarai, amma na san gidaje da yawa inda uwar miji za ta shigo ta kira shi ƙazanta. Wadda ba za ta jure wa wannan magana ba, ta wanke da tsamiya ba toka, ta ɗauraye sosai domin tsamin da ya kwana yana barin jan tabo, ta tsane, sannan ta shafa ɗan kakin zuma siriri, wanda zai jinkirta duhun na wani lokaci.

TAMBAYA: Hajiya, ni kafinta ne. Masu ba ni aiki suna yawan neman in sa musu siririn layin tagulla a gefen tebur ko ƙofar kabad. Zan iya yin buroshin da kaina, ko in fesa fentin gwangwani mai ruwan gwal? Daga wani kafinta a Kugbo.

AMSA: Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Za ka iya, muddin fallen zallar tagulla ka samu, domin mai rufi da ka sa masa sanfefa za ka huda rufin. Ka fara wanke maiƙon jikinsa da tina. Ka naɗa sanfefa mai lamba 180 ko 240 a jikin guntun katako mai faɗi, ka kafa wani katakon a gefe ya zama maka jagora, ka riƙa ja daga wannan ƙarshe zuwa wancan a tafi ɗaya, kada ka tsaya a tsakiya, domin duk inda hannunka ya tsaya sai ya bar alama. Idan ana son layin ya ƙara laushi, ka bi da mai lamba 320. Daga nan kada yatsa ya sake taɓa shi sai da safar hannu, in ba haka ba shatin yatsan zai fito a ƙarƙashin banish bayan 'yan makonni, lokacin da babu yadda za ka yi da shi. Ka fesa banish a ranar, siriri sau biyu ko uku, a wurin da ƙura ba ta shiga, kuma ka guji ranar da aka wuni ana ruwa, domin danshi yana sa shi yin fari-fari kamar madara.

Sukurun tagulla yana da taushi, yana karyewa a cikin katako mai tauri. Ka huda rami tukuna, ka fara ɗaura na baƙin ƙarfe mai girma ɗaya ya buɗe hanya, ka kwance shi, sannan ka sa na tagullar. A wurin da ruwa ke taɓawa kuma kada ka haɗa tagulla jiki da jiki da alminiyam, domin alminiyam ɗin ne zai riƙa cinyewa.

Fentin gwangwani yana da wurinsa, kamar ƙafar teburin da ba a taɓawa, amma ka faɗa wa mai aikin cewa fenti ne, ka kuma yi masa kuɗin fenti.

Tun da hannunka yana cikin wannan harka, ina ba ka shawarar ka sami rana ka bi hanyar Lambata da Lapai da Agaie ka je Bida. Maƙeran tagulla na unguwar Tswata Mukun sun gaji wannan sana'a kaka da kakanni, a 2021 kuma hukumar UNESCO ta sanya Bida cikin jerin biranen da ta karrama saboda sana'o'in hannu. Aikinsu na bugu ne da zane, fuskarsa tana warwatsa haske ta wata hanya dabam da ta buroshi, kuma faranti ɗaya nasu a tsakiyar teburin da ka yi wa layin tagulla yana ba falo abin da kayan kwali ba za su ba shi ba.

TAMBAYA: Na ji an ce mariƙin tagulla yana kashe ƙwayoyin cuta. Gaskiya ne? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Jos.

AMSA: Gaskiya ne, 'yar'uwa, amma da sharaɗi. Jan ƙarfen da ke cikinta ne yake wannan aiki, kuma a 2008 hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince a hukumance cewa haɗe-haɗen jan ƙarfe suna kashe wasu nau'o'in bakteriya cikin sa'o'i biyu idan ana tsabtace su. Sharaɗin shi ne ƙarfen ya kasance tsirara. Da zarar an shafa banish ko kaki, ko an yi rufin PVD, ƙwayar cutar ba ta taɓa jan ƙarfen ba balle ta mutu, kuma yawancin mariƙan da ke kasuwa rufaffu ne. Ke kin fi ni sanin cewa sa'o'i biyu lokaci ne mai tsawo a ƙofar da mutane ke shiga suna fita, don haka wanke hannu yana nan a matsayinsa.

TAMBAYA: Anti, gidan haya muke a Lugbe. Ko akwai abin da zan iya yi ba tare da na yi wa mai gida gyara kyauta ba? Daga wata ƙanwarki.

AMSA: Akwai, ƙanwata. Ki tsaya a kan abin da ake kwancewa da sukundireba ko ake ɗauka da hannu, wato mariƙan kabad da sandar labule da fitilar tebur da madubi. Kawunan famfo da makullan ƙofa ki bar wa mai gida kayansa. Kafin ki je kasuwa ki kwance mariƙi ɗaya ki auna tsakanin ramukansa biyu, daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. Yawancinsu milimita 96 ne ko 128 ko 160, idan kika sayi mai awo ɗaya zai zauna a tsofaffin ramukan ba tare da an huda ƙofar kabad ɗin ba. Tsofaffin mariƙan kuma ki zuba su da sukurorinsu a leda, ki rubuta ɗakin da kowanne ya fito, ki ajiye a saman kabad, ranar tashi ki mayar masa da su ki tafi da naki.